Shin rashin wadata yana taɓa jin yaro? Amsa ga wata uwa a Makka

Wata baiwar Allah daga Makka ta aiko da tambaya a kan ɗanta mai shekara 7. Ustaz ya ce yaron ba ya bin darasi sai an maimaita masa magana sau biyu sau uku, a wajen hadda kuma yana musanya haruffa. A gida yana amsa kira, sai dai yana ƙure ƙarar talabijin. Su takwas ne a ɗaki biyu, maigidan direba ne, ita kuma tana fita aikatau. 'Ya'yan ƙanwarta da ke aure a gidan wadata a Jidda ba su da wannan matsala, surukarta kuwa ta yanke hukunci cewa kunnen ƙashi ne irin na 'ya'yan talakawa. Tana son ta sani ko da gaske halin gida yana shafar jin yaro.

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Gwajin ji shi ne sana'ata, kuma amsar ita ce e, akwai alaƙa, an auna ta a ƙasashe da dama. A Amurka ma, inda asibiti yake ko'ina, wani bincike da aka buga a 2010 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na matasa 'yan shekara 12 zuwa 19 suna da wani raunin ji, kuma 'ya'yan gidajen da ke cikin talauci sun fi yawa a ciki. Sai dai ba yadda surukarki ta ɗauka ba ne. Jaririn Shara Mansur a Makka da na unguwannin masu hali na arewacin Jidda kunne iri ɗaya Allah ya yi musu. Abin da ke raba su shi ne abin da kunnen ke haɗuwa da shi daga baya, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin wani ya lura.

Aiki biyu ne ake yi kafin magana ta shiga kan yaro. Kunne ya ɗauki sauti ya miƙa, ƙwaƙwalwa kuma ta tsamo muryar ustaz daga cikin hayaniyar aji, ta riƙe ta, ta gane ta. Rashin wadata yana iya taɓa kowanne, ta hanyoyi daban. Daga abin da kika faɗa, kunnen nake fara zargi, don haka da shi zan fara.

A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa 3 da ke tura motsin sauti zuwa ciki. Wata siririyar hanya ce ta haɗa ɗakin nan da bayan hanci, ta nan iska ke shiga. A jikin yaro hanyar gajera ce kuma kusan a kwance take, shi ya sa mura kaɗan sai ta toshe, ruwa mai yauƙi ya taru a bayan dodon. Kalangu in fatarsa ta jiƙe ba ya tashi, to haka dodon kunne yake in ruwa ya danne shi. Da desibel muke auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu tana kai kimanin 60, wannan ruwan kuma yakan rage wa yaro 20 zuwa 30. Ki toshe kunnuwanki da yatsu ki sa wani ya yi miki magana daga ƙofar ɗaki, kusan abin da yaron ke ji ke nan. Abin da ya sa ciwon yake ɓoyewa shi ne ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. Ga shi yana hawa yana sauka, wannan makon yaro ya ji sarai, mako mai zuwa mura ta dawo ya koma "na'am? me kika ce?", sai manya su ce ganin dama ne. Kimanin yara 8 cikin 10 sukan yi shi ko sau ɗaya kafin su shiga makaranta, kuma yawanci yakan washe da kansa cikin wata 3.

Ina talauci ya shigo, tunda kusan kowane yaro yana yi? A yawan dawowarsa da daɗewarsa. Wasu likitoci a birnin Pittsburgh sun bi jarirai fiye da 2,000, suka buga sakamakon a 1997. Abu biyu suka samu a gaba wajen tara ruwa a kunne: ƙarancin wadatar gida, da cuɗanya da yara masu yawa. Na biyun bai bar masu kuɗi ba, don ɗan gidan wadata da ake kai wa gidan raino tun yana wata shida shi ma mura ba ta barinsa. Amma mutum takwas a ɗaki biyu, taga a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana juya iska ɗaya dare da rana, murar mutum guda ta kowa ce. Tun da aka fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, su Gulel da Karantina da Sabil, gidaje da yawa na mutanenmu sun koma iyali biyu uku a haya ɗaya, kuma kunnuwan yara suna cikin masu biyan kuɗin wannan cunkoso. Ga kuma hayaƙin sigari da shisha a cikin ɗaki, wanda an tabbatar yana ƙara ciwon kunne. Turaren wuta ma, ni dai shawarata a buɗe taga in za a sa, a fitar da jariri. Sai shayarwa: nonon uwa zalla na wata 6 yana rage ciwon kunne, uwar da dole ta koma aikatau da wuri kuwa sai ta bar yaro da bulumboti, a kwantar da shi rigingine a jingina masa kwalbar, madara tana gangarawa wajen bakin waccan siririyar hanya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne kunne mai zubar da mugunya. Ciwo ya huda dodon, ba a yi magani yadda ya kamata ba, hudar ta ƙi rufewa, kunne ya yi ta tsiyaya wata da watanni. Wannan kam ciwon talauci ne a duk duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2004 cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ke fama da shi, mafi yawansu a ƙasashe matalauta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka saba da shi har ana cewa ai kunnen yaro dama yakan yi ruwa. Ana ɗiga man zaitun, man habbatus sauda, ruwan albasa, nonon uwa. Kunnen da dodonsa ya huje ba a zuba masa kowane irin ruwa, komai tsarkinsa, sai maganin da likita ya rubuta bayan ya leƙa, don a cikin magungunan ɗigawa na kemis ma akwai waɗanda ke iya lahanta can ciki in sun bi ta hudar. A goge bakin kunnen da takardar goge hannu da aka murɗe, a hana ruwan wanka shiga. In bayan kunne ya kumbura, ko ga zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko jiri, ko baki ya karkace, wannan na asibiti ne a daren, ba a jira gari ya waye.

Kurumta mai tsanani, wadda ke taɓa katantanwar can cikin kunne ko jijiyar ji, ba na tsammanin ita ce ta ɗanki, tunda yana magana yana karatu. Amma ki tuna baya. An haife shi bakwaini ko ya kwanta a kwalba? Ya yi shawara mai ƙarfi a makon farko? Ya yi sankarau, ƙyanda ko hangum? An taɓa yi masa allurai irin su jentamaisin na kwanaki da yawa? Yana da sikila? Duk waɗannan suna iya rage ji, kuma mafi yawansu sun fi samun gidan da awon ciki da riga-kafi suka yi ƙaranci. A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa ne. Akwai kuma wanda bai san mai kuɗi ba bai san talaka ba, wato na gado. A nan Saudiyya fiye da rabin aure na zumunci ne, mu ma Hausawa ba baya ba ne a wannan, kuma iyaye biyu masu ji garau suna iya haifar kurma in dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar. Gwajin kafin aure da aka wajabta tun 2004 sikila da talasimiya (wata cutar jini) yake nema a cikin cututtukan gado, ba ya duba wannan.

In za a tambaye ni inda bambancin gidan wadata da gidan hannu baka hannu ƙwarya ya fi fitowa a ɗakin gwaji, zan ce a shekarun da yaro yake da su ranar da aka fara kawo shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Binciken da aka yi a jihar Kolorado a 1998 ya nuna yaran da aka gano kafin wata 6 sun fi waɗanda aka gano daga baya iya harshe nesa ba kusa ba. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta fara tantance jin jarirai a asibitocinta a 2016, akwai cibiyar kunne ta Sarki Abdullah a jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad inda ake dashen na'ura a cikin kunne, akwai cibiyar magana da ji ta Jidda tun 1993. Kayan aiki dai akwai su. Amma mu Hausawan ƙasar nan kashi uku muke: mai takardar ɗan ƙasa da asibitin gwamnati ke buɗe masa, mai iƙama, wato takardar izinin zama, da inshorar wurin aiki, da wanda ba shi da ko ɗaya, wanda aka haifi ɗansa a gida kuma yake lissafin riyal da fargabar tambayar takarda kafin ya taka ƙofar asibiti. Ciwo ɗaya ne, na farkon a gano shi yana wata biyu, na ƙarshen sai yana shekara huɗu bai yi magana ba, bayan an gama cewa nauyin baki ne irin na dangin uba. Kuma ko an gwada ɗanki ranar haihuwa ya wuce, wannan shaidar ta ranar ce kawai, ruwan kunne da yawancin abin da na lissafa daga baya suke zuwa.

Yanzu aikin ƙwaƙwalwa. A 2013 Nina Kraus da abokan aikinta a jami'ar Northwestern sun gwada ɗalibai 66 a Shikago, dukansu kunnensu lafiya lau. Sun auna yadda jijiyoyin ji suke amsa sautin magana, suka tarar a 'ya'yan matan da karatunsu bai yi nisa ba amsar ta fi rauni, ta fi hargitsi, kuma ba ta fitowa iri ɗaya in an maimaita sautin. A jihar Oregon ma, a 2009, an sa yara 'yan shekara 3 zuwa 8 su saurari labari ɗaya alhali wani labarin yana tashi ta ɗaya gefen. Yaran gidaje marasa ƙarfi ba su gaza wajen kama labarin da aka ce su bi ba, inda suka sha wuya shi ne danne wanda aka ce su ƙyale. Kada ki karanta wannan a matsayin hukunci a kanki. Karatun uwa a irin wannan bincike ma'auni ne kawai da ke tsaya wa abubuwa da yawa, unguwa, abinci, hayaniya, barci, damuwa. Kuma matsakaicin rukuni ake faɗa, a kowane rukuni akwai yaran da suka zarce na ɗaya ɓangaren. Masu binciken Oregon ɗin nan sun dawo a 2013 da horo na mako 8 ga iyaye da yaransu, aka ga wannan natsuwar sauraro ta ƙaru. Abin da mako 8 ya motsa ba halitta ba ce.

Hayaniya tana da babban kaso a nan. Babba yana cike gurbin kalmar da bai ji ba da abin da ya sani, yaro kuwa bai tara kalmomin da zai yi cikon da su ba, don haka yana buƙatar muryar malami ta ɗara hayaniyar aji da kimanin desibel 15. Duk lokacin da tazara ta ninka, murya takan ragu da kusan 6, kin ga na layin baya ya riga ya yi asara tun kafin a buɗe littafi. An gwada yara fiye da 2,800 a makarantun da ke kusa da filayen jirgin sama na Landan da Amsterdam da Madrid, aka buga a 2005 cewa inda ƙarar jirgi ta fi yawa fahimtar karatu ta fi ja baya. Mu namu jirgin tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ce ta jikin taga, da talabijin da ba a kashewa, da waya uku kowacce da abin da take faɗa.

Ga kuma abin da ya shafi yaranmu musamman. Ɗanki Hausa ya tashi da ita a gida, makaranta kuma da Larabci. An daɗe da sanin cewa mai sauraro da harshe na biyu, ko ya iya shi sosai a wuri shiru, yakan fi ɗan harshen shan wuya da zarar hayaniya ta shigo. In aka haɗa wannan da ɗan raunin ji, haruffa marasa ƙarfi ne ke fara ɓacewa, irin su s da sh da f, a hadda kuma sinun da sadi da sa mai ɗigo uku su zama abu ɗaya. A gida kuwa wasula da hawa da saukar muryar Hausa suna da ƙarfi, ga fuskarki yana gani, ga maganar gida ya saba da ita, shi ya sa kike ganin yana ji. Maganin wannan ba daina yi masa Hausa ba ne. Ina jin iyaye suna cewa an ba su shawarar su koma Larabci zalla, ni kuwa ban yarda da ita ba. Uwa ta yi wa ɗanta magana da harshen da ta fi iya zuba zance da shi, a kan wannan ginshiƙin Larabcin zai zauna.

Wataƙila kin taɓa jin maganar cewa ɗan talaka yana shiga makaranta da giɓin kalma miliyan 30. Daga binciken Hart da Risley na 1995 ta fito, gida 42 kacal a Kansas, kuma daga baya an soki lissafin, musamman da yake bai ƙirga maganar kakanni da maƙwabta da sauran mutanen gida yadda ya kamata ba. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san ba a rasa magana a cikinsa. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken da aka yi a Boston a 2018 da yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6: yawan kalmomin da suka wuce ta kunnen yaro bai kai yawan musayar zance muhimmanci ba, ka faɗa ya amsa, ya tambaya ka ba shi, kuma wannan ya tsaya ko an cire tasirin kuɗi da karatun iyaye. A nan ne nake ganin muna da gyara. Maganarmu da yara ta fi yawa a aike da tsawa, tashi, kawo, bari, yi shiru manya na magana. Uwa ta dawo aikatau a gajiye, uba yana kan hanyar Jidda ko Madina, sai a miƙa wa yaro waya don a samu sararawa. In ɗan fari ne ma ga alkunya ta ƙara nisa. To in kunya ta hana ki, ai ga kakarsa a gida. Maimakon shari'ar kunnen ƙashi, a ba ta aikin tatsuniya bayan isha'i, talabijin a kashe, ta riƙa tsayawa tana tambayarsa me Gizo zai yi, shi ma ya ba ta nasa labarin.

Amma kafin komai a gwada kunnen, kuma a wannan watan. Ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ki ce abu uku kike so: a leƙa kunnen da fitila, a yi gwajin motsin dodon kunne wanda ke nuna ko akwai ruwa, a kuma yi gwajin ji na sa abin sauraro a kai, kowane kunne daban. Duka ba sa cin awa guda, ba allura, ba zafi, kuma ko a asibitin kuɗi za a yi ba su cikin gwaje-gwaje masu tsada. Kowane kunne daban na ce, don yaro mai kunne ɗaya lafiyayye yana iya shekaru ba a gane ba, ya amsa kira a gida, a aji ya ɓace. Tafa hannu a bayansa ko kiran sunansa ba gwaji ba ne. Ki gaya wa likita in yana minshari ko yana barci baki buɗe, don naman bayan hanci in ya girma yana toshe waccan hanya, yana kuma hana barci mai daɗi, yaron da bai yi barci ba kuwa ba ya sauraro ko kunnensa ƙalau. Wani lokaci ma dattin kunne ne kawai da aka yi ta turawa ciki da tsinken auduga, a cire a wuce wurin.

In ruwa ne, za a ce ki jira wata 3 a sake gwadawa, kuma wannan jiran daidai ne, ba wulaƙanci ba ne. In bai washe ba kuma ji ya ragu a kunne biyu, akan sa ɗan ƙaramin bututu a dodon, aiki ne na mintoci, bututun kuma yakan faɗo da kansa daga baya. In raunin na can ciki ne, na'urar ƙara ji ce, wadda ake ce wa samma'a a nan, kuma ina roƙonki kada maganar mutane ta sa a ajiye ta a akwati, an fi yin asarar nan a gidajenmu fiye da asarar rashin kuɗin sayenta. In kuma komai ya fito lafiya, sai a duba ido, a duba ƙarancin jini, a duba barci da karin kumallo, sannan a yi gwajin fahimtar magana cikin hayaniya. Ki gaya wa mai gwajin cewa Hausa ce harshen gida, don da Larabci ake yin sa, kada a rubuta wa yaro ciwon da ba shi da shi.

Kafin sakamako ya fito, maigida ya je ya ga ustaz da kansa. Ya roƙe shi ya dawo da yaron layin gaba, nesa da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofa, ya kira sunansa ya bari ya ɗago kafin ya ba da umarni, in ya gama kuma ya ce ya maimaita abin da aka ce maimakon tambayar "ka gane?", don kowane yaro e zai ce. A gida a rage abin sauraron kunne na waya, ƙarar kada ta wuce rabi, a wurin biki kuma kada ya zauna gaban lasifika. Mari a gefen fuska kuwa a daina shi gaba ɗaya, a gida da makaranta, domin tafin hannu in ya rufe ramin kunne iskar da ya tura tana iya fasa dodon nan take.